Hannun da Zan Wanke Jikana da Shi

Tun ina yarinya nake da wannan fata tawa mai rigima. Tafin hannuna da dugadugaina su bushe, su yi kauri, sannan su tsage, wani lokaci har da jini. Sauran mutane da sanyi suke faso, ni kuwa damina da bazara duk ɗaya ne a wurina. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi yawon masu magani da ni har ta gaji, ta ce gadon dangin babana ne, su je su ji da kayansu. Da shi na girma, da shi na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya biyar.

Da yaran suka tasa, na samu aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ɓangaren wanki. Tsofaffin ledoji da fasassun robobi ake kawowa buhu-buhu, mu mata mu wanke su a wani dogon baho na siminti cike da ruwan soda, kafin a kai su injin niƙa. Hannu a ruwa, ƙafa a ruwa, tun safe har la'asar. Idan na sauka daga adaidaita a Panshekara, a kan yatsun ƙafa nake ƙarasawa gida, ina tafe ina ɗingishi ina gaisawa da mutane kamar ba komai.

A bakin bahon nan kowace mace likita ce. Wata ta ce in shafa baƙin mai na inji. Wata ta ce toka da manja. Wata 'yar Filato da muke tsayawa kusa da juna, mace mai kirki da yawan dariya, ta rantse min cewa babu kamar sufa gulu, a ɗiga a cikin tsagar a matse. Na gwada, kuma gaskiya ya toshe, bayan na yi rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina. Sai dai ranar na haɗa yatsuna biyu na liƙe, na yini ina nuna wa mutane hanyar da ba su tambaye ni ba.

Duk wannan ban taɓa ɗaukarsa da zafi ba, sai da 'yata ta fari ta samu ciki. A al'adarmu haihuwar fari a gida ake yi, ta zo ta yi wanka a gaban uwarta, kuma a danginmu kaka ce take wanke jariri. Nawa biyar ɗin duk mahaifiyata ce ta wanke su, har suka yi ƙwari, saboda hannuna ba ya taɓuwa. Yanzu ba ta raye, layi ya zo kaina. Wata rana yarinyar ta zo gaishe mu, na kai hannu zan gyara mata mayafi, sai kaushin tafina ya kama zaren ya ja shi zuuu tun daga kafaɗa. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma a raina na ce: Abin da ya yi wa mayafi haka, me zai yi wa fatar ɗan kwana ɗaya?

Ga kuma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kusan duk jariran layinmu ita ta wanke su. Tuni ta aiko cewa da zarar an sauka a sanar da ita. Ni kuwa ba ni da bakin magana. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in fito in ce ina ɗokin ɗanta. Amma ina so, ina so ƙwarai, har ina jin haushin tsohuwar da ba ta yi min komai ba.

Maigidana ya fi shekara ashirin yana aiki a wata majema a Challawa, inda ake jeme fatun awaki da na tumaki. Mutum ne marar yawan magana. Wata yamma yana cin tuwo a tsakar gida na zauna kusa da shi.

"Malam, wai man nan da kuke sa wa fatar akuya ta yi laushi, ba za ka ɗan ɗebo min a kwalba ba?"

Ya tsaya da loma a hannu. "Ke akuya ce?"

"In dai zan yi laushi, a kira ni akuya."

"Wancan na matacciyar fata ne. Kika shafa shi sai asibiti. Miƙo hannun in gani."

Ya wanke hannu ya karɓi nawa. Ya juya shi, ya danna, ya lanƙwasa, ya ɗaga shi sama yana dubawa, daidai yadda yake yi wa fata a wurin aiki. Sannan ya ce, ba ko murmushi, "Wannan a wurinmu gefe ake jefa ta." Na fizge hannuna na ce ai shi ya zaɓa, ba wanda ya tilasta masa.

Ya tambaye ni yaushe nake shafa mai. Na ce idan na ji ya bushe yana ja na.

"To a nan kika kuskure," in ji shi. "Mu ba ma sa wa fata mai sai da damshinta. In ta bushe ƙamas, ko durom guda kika juye mata a sama zai tsaya. Kuma ki daina gurza ta da dutse har ta yi ja. Kina kankarewa tana ƙara kauri."

Na ce ina ni ina lokacin jiƙa hannu in zauna jira. Sai ya kalli butata da ke gindin rijiya. "Sau nawa kike alwala a rana?"

Washegari na tarar ya samo wata 'yar roba mai murfi, ya cika ta da man kaɗanya da ya kwaɓa da basilin, ya huda gefen murfin ya ɗaure ta a hannun butar da igiya. Doka ɗaya ya kafa: in na idar da alwala, kafin ruwan ya bushe, in lakata in shafa hannu da dugadugai. Haka na riƙa ɗaukar butar har Sharada, 'yar robar tana lilo. Matan wurin aiki suka samu abin yi. 'Yar Filaton nan ta ce, "Mama, butarki ta riga 'yarki haihuwa!"

Shi ne kuma ya matsa sai na je asibiti ɓangaren fata. Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Ta faɗa min gaskiya cewa ciwon ba ya rabuwa da mutum, lallaɓa shi ake yi. Ta ba ni wani man shafawa na lokacin da ya tashi, ta ce in sa safar hannu ta auduga a ciki sannan ta roba a kai, in nemi takalmin roba mai dogon wuya, kuma ta roƙe ni don Allah in rabu da sufa gulu. Da na ba ta labarin butar, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce maigidana ya yi daidai. Kuskurena da na dawo na faɗa masa. Sati guda yana tafiya a gidan nan kamar shi ya buɗe asibitin.

Ba a rana ɗaya abin ya yi ba. Sati biyu ban ga komai ba sai maiƙo a kan duk abin da na taɓa, kofi yana suɓuce min, ga safar da nake sawa a ƙafa don man ya zauna, cikin zafin Kano. Wata rana haushi ya kama ni na sa wuƙa na yanke igiyar, na cilla robar bayan randa. Da asuba na zo alwala na tarar an mayar da ita, wannan karon da waya. Na lakata na shafa.

Wajen wata na biyu na lura ina taka ƙasa da dukkan ƙafata. Tsagogin hannu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai guda a babban yatsan dama da ta ƙi, ta rufe yau ta buɗe gobe. Da cikin ya tsufa yarinyar ta dawo gida. Ta ga butar da abin da ke rataye, ta tambaya. Na ce shirmen babanta ne. Ta dube ni ta dubi hannuna.

Da hantsi ta haihu a asibiti, namiji, washegari aka sallamo mu. Ko zama ban yi ba sai ga tsohuwar ta shigo da kujerarta 'yar tsugunno, ta ci ɗamara, tana tambayar ina ruwan zafi. Na tashi na sirka ruwan da kaina, na kawo baho da sabulu na ajiye mata, na koma bakin ƙofa na tsaya ina kallon waje. Na riga na haƙura.

Sai na ji muryar yarinyar daga kan gado, a hankali. "Iya, ku yi haƙuri. Umma ce za ta yi."

Tsohuwar ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, don ta san hannuna tun ina amarya.

"Zo nan. Kawo hannun."

Na miƙa mata. Ta kama ta goga tafin a kumatunta, ta juya ta sake gogawa. "Oh ni! Ai ya fi nawa," ta ce. "Wannan babban yatsan dai ki ɗage shi sama. Zauna."

Na zauna a kujerarta na miƙe ƙafa, ta ɗora min shi. Ruwa na taɓa shi ya callara ƙara, ni kuwa na janye hannu da sauri ina duba inda na yage shi.

"Ke, da ruwan yake faɗa, ba da ke ba. Wanke mijinki, kada ya ce ya auri ragguwa."

Na sa tafina a bayansa na shafa. A nan na tsaya. 'Ya'ya biyar na haifa, na goya, na yaye, amma ban taɓa sanin haka fatar jariri take ba, don kaurin hannuna bai taɓa bari na ji ba. Sai ranar, ina da jika, na ji. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, hawaye suna zuba a kan cikinsa, duk alkunyar da nake yi ta tafi a gaban mutane. Tsohuwar ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in yi sauri, ruwan yana hucewa.