Baƙon Ƙarfe Huɗu a Kwamfutar Aksel

Shekara talatin muna katanga ɗaya da Aksel Thorup, bai taɓa kayar da ni a gardama ba. Mafi ban kunya ita ce ranar da ya faɗo mini gida yana huci, wai ya kama ni ina satar intanet ɗinsa. Na ce masa ni da ko rediyona sai ya sha mari yake tashi. Muka bi sawun ɓarawo, ashe firintarsa ce a ƙarƙashin tebur. Ya shanye mini kofi, ya cinye biskit, ya fita ba ko haƙuri.

Gadin tashar jiragen ruwa ya yi har ritaya. Da ya ji cewa kwamfuta ma ƙofofi gare ta, dubbai, kowacce da lambarta, ta nan saƙo ke shiga da fita, sai tsoho ya samu sabon wurin gadi.

Bayan rasuwar matarsa suka ɓata da 'yarsa Bodil a kan sayar da gidan. Ta koma birnin Aarhus, ta daina ɗaga waya. Ita ce kuwa ta haɗa masa kwamfutar. Sai ya lura kullum ƙarfe huɗu na yamma wata ƙofa kan buɗe, minti biyu ta rufe. Da a da ne, da unguwa ta ji ihun ɓarawo. Wannan karon cewa ya yi Bodil ce ke leƙowa ta ga ko yana numfashi. Ya koma aske gemu kafin huɗu, ya sa riga mai guga, ya zauna gaban allo kamar ango. Shekara biyu ana haka.

Ni uwar shisshigi na kirawo Jytte mai gyaran kwamfuta. Ta duba ta ce lambar baƙon 127.0.0.1 ce, wato kwamfutar ce da kanta: wata manhaja ke ƙwanƙwasa wa 'yar'uwarta a cikin gida, ba wanda ya zo daga waje. Ta ce bari ta rufe ƙofar. Ya dafe mata hannu.

Na hau shi da faɗa. "Kai tsohon banza, hau jirgin ƙasa ka je wurin 'yarka. Wannan aba da kanta take hira."

Ya gyara wuyan riga, idonsa a kan agogo.

"Na sani tun bara, maƙwabciya. Ita dai in ta ƙwanƙwasa ana buɗe mata. Ni zuwana Aarhus uku, ba a buɗe mini ba."