Ƙaryar da na yi wa Yaya daga Bergen

Ni malamin gona ne a Gumel. Wata shekara aka tura ni kwas na wata shida a ƙasar Norway, kan tattalin ruwa a gonakin da damina ba ta wadace su ba. A tsakiyar kwas ɗin akwai hutun mako biyu, har da tikitin zuwa gida ga mai so. Hutun kuwa ya faɗo daidai lokacin shuka.

Tun da na fara aiki shuka ba ta taɓa wuce ni ba. Ruwan farko na sauka nake hawa babur in nufi ƙauyenmu a ƙasar Sule Tankarkar, inda yayana yake riƙe da gonar gado. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya bar makaranta ya kama fartanya don ni auta in ci gaba. Yakan yi gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa da iri. Ba wani aikin kirki nake yi ba, kwana uku bayana ya ƙage, amma yana son zuwan nawa. Kafin in tashi na yi masa alkawarin zan dawo a hutu.

Ana saura mako guda hutu, wani dattijo cikin malamanmu ya tare ni. Shi da matarsa suna da ɗan jirgin ruwa irin wanda iska take turawa, da ƙaton ƙyalle a jikin dogon ƙarfe. Ya ce za su bi gaɓar teku har birnin Bergen, kuma akwai gado ɗaya babu kowa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Haɗejiya ba, ban ko yi tunani ba na ce ina so.

Da yamma na kira Yaya na ce masa makaranta ta hana mu tafiya, an ƙara mana aiki.

"To Auta, ai karatun ne ya kai ka," in ji shi. "Allah ya ba da sa'a."

Bai tambaye ni komai ba.

Ranar farko a teku amai na wuni ina yi. Matar dattijon ta ba ni busasshen biskit, ta ce in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. A rana ta uku na iya jan igiya, har aka bar mini tuƙin jirgin na ɗan lokaci. In na ta da salla ina fuskantar alƙibla, kafin in sallame jirgin ya juya da ni wani wajen. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin tafiyar ƙwarai. Sau biyu na ga kiran Yaya da muka matso kusa da gaɓa, na ƙi ɗauka, na ce wa kaina ai layin ba kyau.

Mun shiga Bergen da hantsi. Duwatsu sun kewaye garin, ga tsofaffin gidajen katako jere a bakin ruwa, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Muka ɗaure jirgi kusa da kasuwar kifi. Tun daga ranar ruwan sama bai tsaya ba. Takalmina ya jiƙe, na yi ta mita, har na ce wa dattijon wannan wane irin gari ne mutum ba zai bushe ba.

Kashegari da rana muna fake a rumfar wata mai sayar da romon kifi, waya ta yi ƙara. Yaya ne. Wannan karon na ɗauka.

Bayan gaisuwa na tambayi gona. Ya ce ruwa ya sauka sau ɗaya, suka yi shuka, sai ya ɗauke kusan mako uku. Gero ya tsiro ya ƙone. Sun sake binne iri a busasshiyar ƙasa suna jira, an kuma fita roƙon ruwa har sau biyu. Ya kai raguna biyu kasuwar Maigatari don a samu abin sawa a tukunya. Duk wannan a hankali ya faɗe shi, kamar labarin wani.

Sai ya ce, "Wace ƙara ce nake ji haka?"

"Ruwa ne, Yaya."

"Ruwan sama? A cikin ajin naku?"

"Na ɗan fito waje ne."

"Miƙa wayar in ji."

Na miƙa hannu bakin rumfa. Ruwa yana dukan tamfol, yana kwarara kan duwatsun titi, tsuntsayen teku suna ta kuka a kanmu. Na daɗe a haka, hannuna yana jiƙewa. Da na mayar da wayar kunne, sai na ji ya ce, "Masha Allah. Ashe can ya tafi." Ya yi 'yar dariya. "Koma aji, kada malam ya yi faɗa."

Romon da aka saya mini ya huce a gabana ban taɓa ba. Dattijon ya tambaye ni lafiya, na faɗa masa komai. Ya ce ai ko na je gida ba ni zan saukar da ruwa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba wannan ne yake cina ba. Sauran kwanakin na bi su duk inda suka je, har kan dutse inda ake hango garin gaba ɗaya, na tsaya aka ɗauke ni hoto ina murmushi.

Sai da kaka na dawo. Ruwan ya zo a makare, an samu wake, gero kuwa ko rabin rumbu bai kai ba. Na tarar da Yaya a bayan gida yana gyaran jinkar rumbun. Na tsuguna na gaishe shi, kuma ban bari na zauna ba na ce, "Yaya, ƙarya na yi maka. Ba a hana mu zuwa ba. Yawon teku na tafi."

Bai ɗago ba. "Na sani. Maiɗakinka ta zo gaida Inna, ta nuna mata hoton da ka tura mata, kana cikin wata riga mai ruwan lemo, kana riƙe da igiya."

"Yaushe?"

"Kafin kiran nan da ka jiyar da ni ruwan sama."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka." Ya ja igiyar rama ya ƙulle. "Da ka ce Yaya, zan je kallon teku, wa zai hana ka? Shukar kwana uku ce fa. Abin da ya tsaya mini a rai, ka ɗauke ni wanda zai yi maka baƙin ciki."

Na nemi gafara. Ya ce ya wuce, a gajarce, ban kuma san ko har cikinsa ya wuce ba. Can sai ya ajiye igiyar ya ce in nuna masa yadda iska take tura jirgi. Na ɗauki kara na zana masa a ƙasa. Ya ce to in iskar daga gaba take tahowa fa? Na ce sai a riƙa karkatawa, dama da hagu, a haka ake ci gaba. Ya duba zanen ya girgiza kai, bai yarda ba.

"Tashi ka riƙe mini tsani," in ji shi.