Gajimaren Gamanar Iya

Gajimare a gonar uwata yake zaune. Kowa a ƙauyenmu, da ke ɗan gaba da Dantchiao, ya san da haka, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, ko a kasuwar Magariya inda nake sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, inda ƴan gari ke yi mana kallon masu tsoron inuwarsu. A wasu garuruwan cikin rijiya yake, a wasu cikin kogon kuka. Namu suri ya zaɓa, wani jan suri da ya fi mutum tsawo, a kusurwar gabas ta gamanar Iya.

Ga wanda bai tashi da labarinsa ba, Gajimare maciji ne, amma ba irin wanda ake kashewa da sanda ba. Kaurinsa ya kai gangar giginya, jikinsa launi-launi, ja da kore da shuɗi. Duk rani yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, ba ruwansa da kowa. Da damina, in hadari ya haɗo kuma ransa a ɓace yake, sai ya miƙe daga surin har sama ya shanye ruwan tas. Bakan gizon da ake gani, jikinsa ne, shi ya sa tsofaffi ke ce masa masha-ruwa. Tun muna yara an hana mu nuna shi da yatsa. Wanda kuwa ya sa hauya a gindin ɗakinsa, an ce ko dai hannun ya shanye, ko kuma ruwa ya riƙa tsallake gonarsa yana sauka a ta maƙwabci.

Gamana ita ce ƴar gonar da miji ke yankar wa matarsa ta noma abin da ranta ke so. Mahaifinmu ya yankar wa Iya tata kyauta, a gaban dattijai biyu. Ya rasu ya bar mu mu huɗu, duk mata. Dattijan nan ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gandun gida ya koma hannun Baffa, wan mahaifinmu, yana nomawa yana aiko mana da damman da ya ga dama. Abin da ya rage wa Iya nata na kanta shi ne gamanar nan. Daga cikinta ta ciyar da mu, daga cikinta ta yi mana kayan ɗaki, kuma gyaɗar da na fara sana'a da ita a nan aka tone ta.

Iyakar gamanar da gonar Baffa ba ta da shinge. Daga surin a miƙe zuwa wani gawo da ke bakin hanya, shi ke nan. Ƙasa kuwa ta yi wuya a yankinmu, mutane sun yi yawa, kuma garmar shanun Baffa tana da wani hali da kowa ya sani: duk shekara in an zo huɗa sai ta kauce ta ci kunya guda daga gonar maƙwabci. Ya yi wa na kudu, ya yi wa na arewa, an je gaban mai gari an dawo. Amma ta gefenmu garmar ba ta taɓa kaucewa ba. Baffa yana yaro aka tsorata shi da surin nan, kuma tsoron bai sake shi ba har ya yi furfura. In zai je gonarsa kewayawa yake yi ta bakin hanya.

Iya ba ta bar tsoron nan ya yi sanyi ba. Duk shekara ranar shuka, da hantsi, lokacin da kowa ke gona da sungumi a hannu, sai ta ɗauko ƴar ƙwarya da nono ta taka a hankali har gindin surin, ta durƙusa ta zuba. Ba ta taɓa yi a ɓoye ba. In mata sun taru a rijiya kuma, takan ba da labarin ranar da ta ga Gajimare da idonta, tana da cikin autarmu, ya fito da kai daga ƙoƙon surin ya dube ta ya koma. Limamin ƙauye ya taɓa tare ta a hanya ya ce wannan nonon da take zubawa bai dace da mai salla ba.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, gara nake ciyarwa. Ita ma ai halittar Allah ce."

Ya ce, "To me ya sa sai ranar shuka?"

Ta ce, "Ranar nake tunawa da ita."

Ya girgiza kai ya wuce. Iya dai ba ta taɓa fashin salla ba, kuma ba ta taɓa fashin nonon ba.

Ina gidan mijina a Magariya, har na haifi biyu, aka rushe surin. Babban ɗan Baffa ne ya dawo daga ci-rani a ƙetaren iyaka da ƴan kuɗinsa, yana son gina sabon rumbu da shago. Kowa ya san ba ƙasar da ta kai ta suri danƙo. Uban ya hana shi, ɗan ya yi dariya. Da rana tsaka ya je da diga da amalanke da abokansa, suka farfashe shi, suka kwashe har sai da wurin ya zama fili.

Ƙauye ya zuba ido yana jiran hannunsa ya shanye. Hannu bai shanye ba. Ƙiba ma ya yi, ya sayi babur yana kabu-kabu tsakanin Dantchiao da Magariya, ni kaina na taɓa hawa don ba yadda zan yi. Daminar shekarar ta yi kyau, hatsi ya yi har ana rasa wurin zubawa. A daminar ce garmar Baffa ta gano hanyar gamanar Iya. Ta ci kunya biyu. Da shekara ta zagayo ta ci abin da ya fi haka, har inda Iya ke shuka yakuwa da riɗi. Na yi lissafi a raina, na ga in aka tafi a haka kafin autarmu ta yaye ɗanta Iya ba ta da inda za ta tsuguna.

Na iso gida bayan an gama girbi, raina a ɓace, tun daga ƙofa nake faɗa. Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma ban taɓa cewa ni ce ba.

Na ce, "Iya, tashi mu je gun mai gari. In bai yi komai ba mu wuce meri, ofishin magajin gari. Ai ba a daji muke ba."

Tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "In kai wan ubanku ƙara? Gobe in ɗayarku ta yi yaji, wa zai zauna a yi bikonta? Kuma da wace shaida? Shaiduna suna maƙabarta."

Na ce, "To sai mu zura ido ya cinye?"

Ta ce, "Wa ya ce miki ido na zura?"

Ta ɗauki mayafi muka shiga gidan Baffa. Ta durƙusa daga nesa yadda ta saba, ta gaishe shi da gajiya da iyali, shi kuma yana amsawa yana jan carbi. Ina tsaye a bayanta kamar in fashe. Maganar gona ko ɗaya ba ta yi ba. Da za mu tashi ne kawai ta ce, "Yaya, an rushe wa maƙwabcina ɗaki, har yau ba a ba shi haƙuri ba."

Baffa ya yi ƴar dariya ya ce, "Ai ya tashi, uwar yara. Shekara biyu ke nan, ba mu ga komai ba."

Ta ce, "Haka ne," muka fito.

Washegari da safe ta ce in ɗaura wa jaki jarkoki biyu na ruwa. Ita kuma ta tattaro tsofaffin tukwane da suka tsage, da busasshen kashin shanu, da guntattakin kara da ɓawon gyaɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Duk mai kiwon zabi ta san tarkon gara: a cika tukunya da kayan nan, a yayyafa ruwa, a kife ta a ƙasa inda ake zaton akwai gara, bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗago ta cike, a zazzage wa ƴaƴan zabi. Iya ta yi shekaru tana yi a bayan gida. A wannan shekarar dai sai ta ce garar bayan gida ta ƙare.

Muka tafi gona. Wurin da surin yake a da ya shige cikin kunyoyin Baffa, ba alamar komai sai ƙasar da ta ɗan fi ta kewaye ja. Amma da rani gona ba ta da mai ita, dabbobi na kiwo, kowa na ratsawa, ba wanda zai hana tsohuwa kafa tarkon gara. Ta tsaya ta dubi gawon, ta dubi gabas, ta matsa kaɗan, ta ce in sauke a nan. Ta tona da hannu, ta kife tukwanen a jere, ta juye sauran ruwan a kewaye.

Na ce, "Iya, wai me kike yi?"

Ta ce, "Ɗaki suka kwashe. Ba su tona sun kai ga mai ɗakin ba. Uwar gara tana can ƙasa, garma ce ke hana ta sakat."

Duk ranin nan haka ta yi. Na koma Magariya, amma ranar kasuwa matan ƙauyenmu kan kawo mini labari suna dariya, wai Iya ta zauce a kan zabi, tana ɗibar ruwan da ake wahalar ja tana kai wa gona. Abin da ba su lura ba, garar da take kaiwa gida kaɗan ce. Mafi yawa a wurin take barin ta, ta ƙara mata kara, ta ƙara ruwa, ta sa ƙaya kada awaki su tattake.

Da ruwan farko ya sauka aka fita shuka, sai ga shi. Jan suri ɗanye, bai wuce gwiwa ba, ya tsaya a tsakiyar abin da Baffa ke kira gonarsa, daidai inda tsohon yake. Na zo taya Iya shuka a ranar, don haka da idona na ga yadda mutane ke ajiye sungumi suna zuwa kallo daga nesa. Da hantsi ya yi Iya ta ɗauko ƙwaryarta. Ta ratsa kunyoyin Baffa ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa, ta durƙusa ta zuba nonon. Ba wanda ya hana ta.

Ɗan Baffa ya ce gara ce kawai, gobe zai zo da diga. Gaskiyarsa ne, gara ce. Sai dai bayan shukar ruwa ya ɗauke. Ana haka kusan kowace shekara, amma a wannan karon kowa ya san inda zai duba. Shuka ta fara lanƙwasa kai. Ran nan da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, har mata sun kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, bakan gizo ya miƙe a gabas ƙafarsa ɗaya ta wajen gonakinmu. Ni dai na san daga ƙauyenmu duk bakan gizon la'asar a gabas yake fitowa, amma ban ga dalilin da zai sa in tuna wa kowa ba.

Ba a kai ƙara ba, ba a yi zama ba. Maza a ƙofar masallaci suka riƙa tambayar Baffa lafiyar gonarsa da wata irin murya. Matarsa ta ƙi kai abinci gona. Bayan kwana biyu da safe sai ga shi ya shigo gidanmu da kansa, abin da bai yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Ya tsaya a tsakar gida yana duban zabi.

Ya ce, "Uwar yara, ashe garmar nan ta shiga da yawa. Yaran nan ba sa lura. Na ce su bar miki daga surin zuwa gawo, har da abin da aka shuka."

Iya ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ya juya zai fita, ya sake tsayawa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "In kin je, ki ba shi haƙuri."

Ruwa ya dawo cikin makon, kamar yadda yake dawowa. Geron da ɗan Baffa ya shuka a kunyoyin nan mu muka girbe shi, kuma ban taɓa shan furar da ta kai tasa daɗi ba.

Ranar da muke tonon gyaɗa a ƙarshen daminar, mu biyu kawai a gamanar, na zauna a gindin gawo na yi mata tambayar da ke cikina tun ina yarinya. Na ce, "Iya, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganinsa?"

Ta karkaɗe ƙasa daga jikin gyaɗar da ke hannunta, ta daɗe tana duban surin, wanda a lokacin ya kai ƙugu.

Ta ce, "Ranar da na fita takabar ubanku, maza cike da gidan nan, ƴan uwansa da nawa. Na duba na duba, ba wanda zai tsaya mini a kan ƙasar nan sai shi. To me zai sa in ce ban gan shi ba?"

Tausayinta ya kama ni, ita kuwa ta miƙo mini kwando ta ce rana tana yi.

Yanzu gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya zuwa gona. Surin ya sake fin mutum tsawo. Duk shekara in aka yi ruwan shuka nakan rufe rumfata a kasuwa, in sayi nono, in hau kabu-kabu zuwa gida. Ina jira sai hantsi ya yi, kowa yana gona, sannan in ɗauki ƙwaryar.