Ranar da Aka Auna Baba da Agogo

Gidanmu a Nguru yana bayan tashar jirgi. Da an idar da magariba, kakata Iya Fanna takan hura wutar bandar kifi, mu kewaye ta muna jiran tatsuniya. Mutuniyar Gashua ce. Baba ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye.

Baba ɗan dako ne a wani kamfanin gyaɗa. Wata shekara Baturen kamfanin ya zo da sabon tsari. Ya zaɓi wanda ya fi kowa ƙarfi, ya sa akawu ya riƙe agogo yana ƙirga buhunan da zai loda a tarago kafin la'asar. Baba aka zaɓa. Ya dawo da kyautar bargo, bakinsa har kunne.

"Ku ce wa mai bargo ya matso," in ji Iya. "Ta yau ba ta yara kaɗai ba ce."

Ta ce an yi wani madugu mai jigilar kanwa daga Kumagannam. Cikin jakunansa akwai wani matashi mai son a yaba masa. Ran da ya ga madugu na kallonsa, sai ya zuba gudu, ya isa zango tun hantsi. Madugu ya ce ashe jaki na iya haka, ya mai da zango biyu ɗaya. Tsofaffin jakuna suka riƙa faɗuwa a hanya, kuraye na bin ayari.

"Shi matashin fa?" ƙanwata ta tambaya.

"Ya ci dusa ranar. Daga baya ya tsufa, zango kuwa bai matso ba."

Baba ya yi dariya. "Ku ce wa Iya ni ba jaki ba ne."

"Ku ce masa na sani. Jaki ba shi da iyali."

Mako bai zagayo ba aka ɗora wa kowane ɗan dako adadin Baba. Aka sallami dattawa, har da Malam Bukar maƙwabcinmu, wanda ya koya wa Baba saɓa buhu. Abokan Baba suka daina cin abinci da shi. Bayan 'yan shekaru bayansa ya riƙe, ya kasa kai adadin nan, wani sabon akawu ya sallame shi. A kwance ya ƙarasa rayuwarsa.

Na daɗe ina ganin laifin Baba Iya take nunawa. Sai da na zama helima, shugaban 'yan dako, a wannan kamfani, na sallami mutane da bakina, na gane madugun take nufi, mai auna ayari da rana ɗaya ta jaki ɗaya.

Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da idona ya fara gane rubutu, na roƙi akawu ya nuna mini, a littafin kamfani, adadin da nake korar mutane a kansa. Na Baba ne, ba a rage ko buhu ɗaya ba. Babu sunansa a gefe.