Daɓen Ɗakin Gangunanmu a Bungudu

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina koyarwa a Gusau, wasu na manta, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da tsofaffin matan Furfuri suka yi wa ƙungiyarmu daɓe a Bungudu, wannan kam ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin kamar shekara biyu ke nan da aka ba mu jiharmu, kowa yana ɗokin a san mu da abin da muke da shi. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu son kiɗa da waƙoƙin gargajiya, wadda ta haɗa mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu. Akwai makaɗa na gaske a cikinta, masu gangar noma da kalangu da kukuma da duma. Akwai kuma irinmu, malaman makaranta da ma'aikata, da ba mu iya komai ba sai saurare da gyaɗa kai. Ni kaɗai ce mace a kwamiti, kuma abin da ya shigar da ni shi ne na iya buga tafireta. Duk ƙarshen wata ni nake haɗa takardar labaran ƙungiya: wane an yi masa haihuwa, wane yana kwance a je a duba shi, wane an gayyace shi kiɗan gayya a Magami. A ƙasa kuma sai in jera abubuwan da ke tafe. Idan na buga sai a gurza kwafi a inji, a ba direbobi a tasha su kai Tsafe da Bungudu, ɗaya kuma a kai gidan rediyo a karanta cikin sanarwa.

Da kaka ta gabato aka zauna shirya babban taronmu na shekara, wanda a wannan karon ya faɗo kan Bungudu. Aka yi ta kiran sunayen masu wasa ina rubutawa, har aka gama ban ji mace ko ɗaya ba. Na ɗaga hannu na tambaya ko mata ba su da waƙa ne a ƙasar nan. Shugabanmu dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mutum mai haƙuri, sai ya ce ai ba wanda ya hana, in na samo su a saka. Amma wani makaɗin kalangu daga Tsafe, wanda bakinsa ya fi kalangunsa zaƙi da kaifi, ya ce shi dai bai san kayan kiɗan da mata za su zo da shi ba, ko muciya ce ko ludayi. Aka yi dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma na riƙe maganar a raina.

Washegari da na zauna gaban tafireta, sai na tuna da waƙoƙin daɓe da nake ji ina ƙarama idan an kai ni hutu wurin gwaggona a Furfuri. Ga wanda bai tarar ba, daɓe shi ne yadda ake gyara ƙasan ɗaki kafin siminti ya zo. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, mata su jeru da madaɓai na itace suna bugawa suna waƙa har ƙasa ta yi sumul ta yi ƙarfi. Ban yi shawara da kowa ba, kawai na buga a ƙarshen jerin cewa matan Furfuri za su kawo waƙoƙin daɓe. Yanzu da na girma na san wannan ba ƙarfin hali ba ne, wauta ce da zafin kai. Ko mace ɗaya ban tambaya ba.

Takarda ta tafi, rediyo ya karanta har sau biyu. Kwana uku bayan nan gwaggona ta aiko a ce mini ta ji a rediyo an ce su za su yi waƙa a Bungudu, tana son ta san wace mai baƙin jini ce ta ja musu wannan.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bungudu, daga nan na ƙarasa Furfuri. Gwaggo ta gama yi mini faɗa, sannan ta ɗauki mayafinta ta kai ni wurin wata tsohuwa da kowa yake kira Inna, wadda a zamaninta ita ce take ba da waƙa a duk daɓen da za a yi a yankin. Mun same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙaramar mace ce, ta ranƙwafa, amma idonta tar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da na aikata ban ɓoye komai ba. Na ce abin da nake roƙo kaɗan ne, su zo su tsaya a filin firamare, a ba ta lasifika, ta yi waƙa uku ko huɗu, sauran su amsa.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ita tsayawa gaban maza da ƙarfe a baki ba ta taɓa yi ba, kuma ba yanzu za ta fara ba, amma tunda na taso tun daga Gusau bari ta gwada ko waƙar tana nan. Ta ajiye gyaɗar ta gyara murya ta fara. Baiti ɗaya, na biyu, sai ta tsaya. Ta sake ɗauko wata, ita ma ta kakare a tsakiya. Gwaggo ta so ta tuna mata, ita ma abin ya ɓace mata. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ɗiyata," ta ce, "wagga waƙa ba a baki take ba, a hannu take. Tun da siminti ya shigo munka aje madaɓi, ita ma ta bi shi. In babu ƙasar da za a buga, ba ta zuwa."

Na koma Gusau. Saura mako uku taro. Na je na sami shugaba a gidansa na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi mini ciwo. Ya ce ƙungiya ba ta da abin da ya wuce a yarda da maganarta, idan takardarmu ta fara faɗin abin da babu, gobe ko rasuwa muka sanar sai an tambaya ko da gaske ne. Ya ce in rubuta gyara da neman afuwa a kai rediyo, sannan kwamiti ya duba ko za a ba wani aikin takardar. Na roƙe shi kwana huɗu.

A cikin kwanakin nan ne aka aike ni Bungudu in duba wurin taro, na biya gidan mai masaukinmu, wani manomi da ya ba ƙungiya aron wani babban ɗakin ƙasa a cikin gidansa muna ajiye ganguna. Da ya buɗe mini sai na ga an rataye gangunan duka a jikin azara. Ya ce gara ce ta dame su, ta riga ta cinye gindin ganga guda, saboda ƙasan ɗakin tun da aka gina ba a yi masa komai ba, ana ta jiran ranar da za a sa siminti. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙasar nan mai burji da ramuka. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko zai yarda a yi masa daɓe.

Ya yarda nan take, har yana cewa ɗakin mahaifiyarsa na daɓe ne kuma har yau bai fashe ba. Shugaba bai amince nan da nan ba da na kai masa maganar, domin hakan yana nufin a ɗauke rabin taro daga filin firamare a kai ƙofar gidan mutum. Daga baya ya ce a gwada. Inna kuwa da na koma mata, sharaɗi biyu ta kafa: namiji ko ɗaya ba zai leƙo ba, kuma a dama fura mai yawa, domin daɓe da yunwa ba ya kyau. Makuba akwai wadda ta ɓoye a tukunya. Madaɓai ne suka ba mu wahala. Wasu an tokare ƙofa da su, wasu sun daɗe da shiga murhu, sai da wani masassaƙi a Rawayya ya sassaƙa mana sababbi.

Ranar taro da hantsi a-kori-kura ta sauke su a ƙofar gida, tsofaffi goma sha wani abu, kowace da madaɓinta a hammata. Maza sun cika rumfar da aka kafa a waje, har da waɗanda suka zo daga Tsafe don su ga yadda za ta ƙare. Makaɗin kalangun nan yana sahun gaba. Aka ja waya daga lasifikar waje zuwa cikin gida, aka ba ni abin magana da rakoda.

Farkon abin bai yi kyau ba. An zuba tsakuwa an yayyafa makuba, sun jeru sun fara bugu, amma kowace da nata, kamar ana sassaƙa a kasuwa. Na matso da abin maganar kusa da bakin Inna, sai ta yi gum. Daga waje na fara jin tari da 'yan maganganu. Inna ta ɗago ta dube ni, da takalmina mai tsini da agogona, ta ce in rataye wannan ƙarfen a azara inda ba ta ganinsa, in tuɓe takalmi in ɗaura zane sosai in karɓi madaɓi, ba a kallon daɓe a tsaye.

Na yi yadda ta ce. Na durƙusa tsakaninta da gwaggona. Inna ta buga sau uku ita kaɗai, a hankali, sauran suka bi ta, har bugun ya haɗu ya zama ɗaya, ana jinsa a ƙirji. Sai ga muryar ta fito. Ban san a jikin 'yar tsohuwar nan akwai irin wannan murya ba. Ta ba da waƙa, mu muka amsa, kuma waƙar da ta kakare mata a gindin rumbu ta zubo tun daga kai har ƙarshe, wata ta biyo bayanta. Ta yi ta yabon mai ɗaki, ta yi ta tuna 'yan'uwanta da suka yi daɓe tare suka riga mu gidan gaskiya, ta yi wa malalaciyar da ke buga wuri ɗaya habaici, wadda na tabbata ni ce.

Ba mu yi rabin ɗaki ba sai matan unguwa suka fara shigowa. Sun ji bugun daga gidajensu. Wata ta shigo da ƙullu a hannu, ta wanke ta karɓi madaɓin gwaggo. 'Yan mata da ba su taɓa gani ba suka cika tsakar gida suna koyon amshi. Wadda ta gaji ta miƙa wa ta bayanta ta je ta sha fura.

Ashe gwaggo ta riga ta tsegunta wa Inna maganar muciya da ludayi. Ana cikin tsakiyar aiki sai ta juya waƙar:

"Mai kalangu na Tsahe, ina gaisuwa,
Kai da fatar akuya, mu da ƙasar Allah,
Taka in ta fashe sai a nemo wata,
Tamu jikanka ma bisa nai zai rarrafe."

Wajen ya ɗauki shewa da dariya har muna ji ta katanga. Na tsorata, na ce shi ke nan an ɓata. Sai muka ji kalangu ya tashi. Ya bi bugun madaɓanmu daidai, bai wuce ba bai rage ba, yana amsa wa Inna duk inda ta ajiye baiti. Can mai gangar noma ya shigo, sai mai duma. Katanga tana tsakaninmu, ba mai ganin wani, amma kiɗa ɗaya muke yi. Aka ce mini shugaba, wanda ban taɓa ganin ko ƙafa ya kaɗa ba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana share ido, ya ce rabonsa da jin wannan tun mahaifiyarsa tana da rai.

Kafin azahar ɗaki ya kammala, ja-wur yana sheƙi, ƙanshin makuba ya cika gidan. Hannuna ya yi bororo ya fashe, kwana biyar ban iya riƙe alli da kyau ba. Da tsofaffin suka fito za su hau mota, maza suka miƙe tsaye suka buɗe musu hanya. Makaɗin kalangun ya rataya kalangunsa a baya, ya durƙusa har ƙasa a gaban Inna ya ce, "Inna, na janye maganar muciya da ludayi. A yafe mini." Ta ce ta yafe, amma hannunsa na hagu yana ɗan saurin shiga, ya gyara.

Takardar watan da ya biyo baya shafi biyu ta yi, karo na farko. Ba a karɓe mini aikin ba. A jerin abubuwan da ke tafe akwai daɓe biyu, ɗaya a Magami ɗaya a Tsafe, a gidan makaɗin kalangun kansa, wanda ya ce a fara da ɗakin mahaifiyarsa. Kafin shekara ta zagayo mata sun samu nasu reshe a ƙungiya, da masu waƙar niƙa da masu kiɗan ƙwarya. Kaset ɗin da na ɗauka a ranar, ana jin hakina a ciki fiye da muryata, an yi ta kwafarsa har ban san inda ya kai ba.

Allah ne Ya rufa mini asiri, ban isa in ce dabarata ce ba, kuma tun daga ranar ban sake buga sunan kowa a takarda ba sai na je na zauna da shi. Amma babban abin da na koya shi ne, mu da muka yi boko mukan ɗauka mu ne za mu ceto al'ada, mu ciro ta daga inda take mu ɗora a kan dandamali. In kana son abin mutane ya rayu, je ka tambaye su abin da yake bukata, sannan ka tuɓe takalmi ka durƙusa a sahunsu.