Dattijon da Ya Sa a Cire wa Hoto Kala

Wata rana na shiga wani shagon hoto a Gusau don in ɗauki fasfo, sai na tarar da wani dattijo zaune kusa da mai shagon, sun zuba wa kwamfuta ido.

Ni kuwa Allah bai yi ni da iya kawar da kai ba. Na leƙa.

Hoton wata tsohuwa ne, tana murmushi, da waya aka ɗauke shi. Mai kala, sabo fil. Amma dattijon so yake a mayar da shi baƙi da fari.

Abin ya ɗaure min kai. Mutane suna kawo tsofaffin hotuna a sa musu kala, shi ya kawo mai kala a cire. A raina na ce, tsoho da son gayu.

Mai shagon ya danna wani wuri, kala ta ɗauke gaba ɗaya. Dattijon ya girgiza kai, ya ce hoton ya zama kamar na sanarwar rasuwa.

Sai mai shagon ya riƙa jan wani ɗan layi a hankali. Ruwan ƙasa-ƙasa ya fara shiga hoton kaɗan-kaɗan, irin na shayi mai madara. Fuskar ta yi ɗumi, murmushin ya fito sosai.

Dattijon ya ɗaga hannu, aka tsaya a nan.

Na kasa haƙuri.

"Baba, don Allah, me kalar ta yi maka?"

Ya sa aka dawo da hoton asali, ya ce, "Dubi idonta, 'yar nan."

Sai a lokacin na lura. Idon ya koma ruwan ɗorawa, ga koren labulen asibiti a bayanta.

"Mai ɗakina ce, Allah ya ji ƙanta. Duk zamanmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai da ciwon hanta ya kwantar da ita. Wannan kaɗai gare mu. Jikokinta za su taso su tambayi kamanninta. Ba na so su ga cutar kafin su ga kakarsu."

Wallahi kunya ta kama ni.

Mai shagon ya ce, tun da ana gyara, zai iya goge layukan tsufan da ke fuskarta, ta koma sumul.

Dattijon ya yi dariya a hankali.

"Bar su. Waɗannan tare muka tara su."

Darasi: Kowa da irin kallon da yake wa abin da ke gabansa. Kafin ka yi wa mutum dariya a ranka, tambaye shi da ladabi, wataƙila wani ciwo yake lallaɓawa wanda kai ba ka gani ba.

Tura wa wanda har yanzu bai ɗauki hoto da tsofaffinsa ba, ya je ya roƙe su tun suna da lafiya.