Ledar da Na Ɗaure wa Inna a Ƙafa

A gidanmu, in mutum ya ji rauni, abin da ake fara faɗa shi ne kada a bari iska ta shiga. Da wannan na tashi, kuma saura ƙiris ya raba ni da mahaifiyata.

Wata damina, a gonarmu ta Gololo, Inna ta taka tsohuwar ƙusa a inda shanu suke kwana. Bakin ciwon ƙarami ne, ko jinin kirki bai fito ba, sai dai ya yi zurfi. Ni uwar iyawa na cusa masa man kaɗe, na naɗe da leda, na ɗaure tamau da tsumma. Kullum sai na sabunta. Da ƙanwarta ta ce a je a yi allura, har harara ta sha a wurina.

A kwana na tara Inna ta kasa buɗe baki ta sha koko, wuyanta ya sandare. Muka ɗauko ta zuwa asibiti a Azare.

Nas ɗin da ta karɓe mu, wata dattijuwa 'yar kudancin Bauchi, ta kwance ledar ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mini faɗa ba, zaunar da ni ta yi.

"'Yata, ƙwayoyin cuta ba halinsu ɗaya ba," in ji ta. "Wasu sai da iska suke rayuwa, kamar mu. Wasu da ita da babu duk ɗaya. Wannan mai sarƙe haƙora kuwa ba ta shiri da iska. Tana kwance cikin ƙasa da kashin dabbobi, sai ta samu rami mai zurfi a rufe take tashi."

Ashe ɗaki na gina wa cutar, na kuma ja mata ƙofa.

Aka buɗe ciwon aka wanke, aka yi ta allurai. Sati uku Inna tana ɗakin da ba a son motsi, ko tari aka yi sai jikinta ya ƙage. Ban taɓa jin tsoro da kunya irin na lokacin ba.

Ranar da bakinta ya fara sakuwa, yayanta ya zo dubiya. Ya tsare mu da ido, ya ce ya ji labarin ledar, wa ya yi wannan ɗaurin banza? Na buɗe baki zan amsa, Inna ta damƙe hannuna.

Da ƙyar maganar ta fito ta tsakanin haƙoranta: "Yaya, ni na ɗaure abina."